Ruwan Hannun Labbo Wanzami

Ku masu shagon aski na bakin tashar Kaura, ina jin abin da kuke faɗa in na wuce da zabirata a kafaɗa. Kuna cewa wanzanci ai zama ne, tsoho ya samu inuwa ya miƙe ƙafa yana shafa kan mutane yana cin goro. Ban yi fushi ba. Wanda inji ke yi wa aiki, shi nasa kawai ya riƙe kamar mai korar ƙuda, dole ya ga kowa a zaune yake. Ranar da aka ɗauke wuta kuma mai ya ƙare a janareto, da idona na ga ɗayanku ya sallami mutum da rabin kai, ya ce ya sa hula ya dawo gobe. Ni sunana Labbo, a nan Kaura aka haife ni, kuma tunda na fara riƙe aska ban taɓa ce wa mutum ya sa hula ya dawo gobe ba. Ku matso in gaya muku yadda zaman nan yake.

Kan da na fara askewa ba na mutum ba ne, na ɗanyen duma ne. Baba ya tsinko shi a bayan gida, ya shafe shi da kumfar sabulun salo, ya miƙa mini aska ya ce in kwashe kumfar kada in ji wa duman ciwo. Duk inda askar ta karce, sai ya ɗora yatsa a wurin ya dube ni ya ce, "Wanga ɗan mutane na kay yanka." Mu biyu muke koyo, ni da Ɗanjuma, ɗan gwaggona. Ubansa wanzami ne a Shinkafi, da ya rasu aka kawo shi gidanmu. Taubashina ke nan. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma yana kirana da duk abin da ya zo bakinsa. Kuma abubuwa da yawa suna zuwa bakin Ɗanjuma, don ko aska na kan maƙogwaronsa sai ya yi magana. Da muka gama da dumamen unguwa, Baba ya ce mu koma kan juna. A wannan shekarar har barci da hula muke yi don kada 'yan mata su ga aikin hannunmu.

Zabirar da na gada nauyi gare ta. Akwai asake na aski da na tsaga, almakashi, hantsaki, dutsen wasa aska, fatar da ake goga ta a kai, ƙoƙon kumfa, da ƙahonin shanu masu santsi saboda daɗewa a hannu. Daga baya muka koma reza, kowane kai da sabuwarsa, kuma wannan canjin ban yi gardama a kansa ba don gaskiya ne. Amma reza ko aska, hannu ne ke aikin. Yatsu biyu suna jan fata, sauran suna riƙe ƙarfe, wuyan hannu yana juyawa a hankali, kai kuma kana tsugune bayanka a lanƙwashe tun safe. Ƙaho kuwa da baki ake zuƙa har kunnuwanka su toshe. Ka yi wa manoma ƙaho ranar kasuwa tun hantsi har la'asar, sannan ka zo ka gaya mini zama ne.

Wanzami ba shago gare shi ba, gidaje gare shi. Da Ɗanjuma ya girma ya koma Shinkafi ya karɓi gidajen ubansa, ni na zauna da na Baba. Mafi girma a cikinsu shi ne gidan Alhaji Isiya mai hatsi a Zurmi. Kakana ne ya aske Alhaji ranar sunansa, Baba ya aske 'ya'yansa, ni kuma jikoki. Gida ne mai yawan haihuwa, Allah ya ƙara, kuma ba sa ƙyashin kason wanzami na naman suna da hatsi. Da injinku ya zo ya kwashe mana samari, sannan ya kwashe magidanta, abin da ya rage mana shi ne tsofaffi masu tsoron ƙarar inji, da ƙaho, da askin suna. Askin suna kam ba ku isa ku taɓa ba. Kan jinjiri laushi gare shi kamar nunannen tumatir, maɗigarsa tana bugawa a ƙarƙashin yatsanka, yana motsi lokacin da ya ga dama, ungozoma na riƙe da shi, mata sun kewaye ka. A gidan Alhaji Isiya kuma akwai ƙari, wato Hajiya Kulu, uwargidan Alhaji. Takan jawo kujera ta zauna dab da gwiwarka, ba ta cewa komai, tana kallon askar kawai. Na fi son a sa mini ɗan sanda a kai.

Muguwar shekarata ta zo da abu biyu lokaci guda. Hanya ta lalace saboda ɓarayin daji, mutanen ƙauye suka rage shigowa kasuwa, gidajena na wajen Kurya Madaro suka watse, wasu suka yi gudun hijira ban san inda suka nufa ba. A cikin daminar shekarar na wayi gari wata rana na kai hannu zan ɗauki buta, hannun ya ƙi. Yatsun sun kumbura sun sandare, kamar wani ya ba ni aron nasa da ba su yi mini daidai ba. Sai da rana ta ɗaga suka saki. Washegari haka, jibi haka, sannan gwiwa ta ce ita ma ba a bar ta a baya ba.

Ciwon ma da sauƙi a kan gajiyar. Ku kun san gajiyar wanda ya yi aiki, ya ci tuwo, ya kwanta, ya tashi garau. Wannan ba ita ba ce. Wannan za ka yi barci har ka ƙoshi, ka tashi kamar kai ka yi dakon buhunan kasuwar Shinkafi kai kaɗai. Sa riga aiki ne. Tauna goro aiki ne. Wata rana na zauna zan sa takalmi, na sa ƙafa ɗaya, sai na tsaya hutawa, mai ɗakina Tumba ta fito ta same ni ina gyangyaɗi da ɗaya takalmin a hannu.

To ni wanzami ne, kuma duk wanda ya zo mini da ciwon jiki a rayuwata na ce masa mataccen jini ne, a kafa ƙaho. Saboda haka na kafa wa kaina. Na kafa a gwiwa, na kafa a kafaɗa, inda bakina bai kai ba na sa Tumba ta zuƙa tana tofar da yawu tana Allah wadai. Ta ce ta auri wanzami, ba ta san zai koma bushiya ba. Na sha sassaƙe, na sha jiƙo, na sayi ƙwayoyin mai tallar magani da lasifika wanda ya rantse maganinsa na tayar da gurgu. Cikina ne ya tashi, ba ni ba. A ƙarshe Tumba ta tasa ni gaba zuwa asibiti kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Likitan ya murza yatsuna, ya sa aka ɗebi jini, ya ce amosanin gaɓɓai ne. Ya ce ba mataccen jini ba ne, jikin ne ke faɗa da gaɓoɓinsa, kuma gajiyar ma daga ciwon take, ba lalaci ba ne. Na so a ce Tumba ta ji wannan da kyau, na sa ya maimaita. Ya ba ni magani ya ce a riƙa sha ba fashi ana dawowa ana dubawa, ba irin wanda ake sha yau a warke gobe ba ne. Ya ce in riƙa tsoma hannu a ruwan ɗumi da safe, in riƙa motsa jiki a hankali ko ba na so, kuma in koyi raba ƙarfina. Ya tambaye ni sana'ata. Da na gaya masa sai ya dubi tabon ƙahon da ke gwiwata, ya yi shiru, ya ci gaba da rubutu. Na gode masa da wannan shirun.

Raba ƙarfin nan shi ne koyon sana'ata na biyu, kuma ya fi na duma wuya. Na gane cewa ƙarfina na yini kamar ruwan randa ne a gidan da rijiya ke nesa, in ka yi wanka da shi da safe babu na girki da rana. Na zazzage zabira na rage mata kaya, ƙahonin da ba na bukata suka koma rataye. Na naɗe ƙotar aska da tsumma ta yi kauri don riƙon ya yi sauƙi. Na daina tsuguno, na samu 'yar kujera mai majingini, wanda za a yi wa askin shi ya zauna ƙasa a tabarma. In na aske kai ɗaya sai in ajiye aska in ja mai bi masa da hira. Bayan azahar in kishingiɗa kaɗan, ba barcin da zai kai ni la'asar ba, don wannan ƙara nauyi yake. Babbar dokar kuwa ita ce, in gobe akwai askin suna, yau babu kasuwa, babu ƙaho, babu zuwa gaisuwar nesa. Kuma na koyi cewa ranar da na tashi jikina garau ita ce ranar da ta fi haɗari, don ita ce ke ruɗata in yi aikin mako, in biya da kwanciya.

Duk wannan a ɓoye nake yi. Ku fahimce ni, magini in hannunsa ya yi ciwo mutane za su ce sannu. Wanzami in aka ji hannunsa ya yi ciwo, babu uwar da za ta miƙa masa kan ɗanta, ko da sannun za ta ce. In labari ya kai kunnen Hajiya Kulu, gidan Alhaji Isiya ya tafi, kuma in ya tafi sauran za su bi shi. Ga shi askin suna da safe ake yi, bayan an raɗa suna an raba goro, daidai lokacin da yatsuna suke nasu yajin aikin.

Dabarar ta zo mini a wani suna a Kasuwar Daji. Na isa yatsu a sandare, aka shimfiɗa mini tabarma, ungozoma ta taho da jinjiri. Na ce a dakata, a kawo mini ruwan ɗumi a kwano. Suka ɗauka na kumfa ne. Na tsoma hannuwa biyu a ciki, daɗin ɗumin ya ratsa ni, na lumshe ido. Bakina yana motsi, kuma gaskiyar abin da nake faɗa shi ne wayyo Allah, wayyo Allah, a hankali. Da yatsu suka saki na buɗe ido, sai na ga tsakar gida tsit, mata sun rufe kai, wata tsohuwa har ta ɗaga hannu tana amin. Na yi aski lafiya. Zan zubar da ruwan ke nan tsohuwar ta riƙe kwanon.

"Malam Labbo, kak ka zubar. Ba ni shi in shafa ma jikana, ƙuraje sun dame shi."

Na ce, "Inna, ruwa na kawai."

Ta yi murmushi irin na wadda ta san komai. "Awo, mun sani. Ruwa na."

Ta juye shi a kwalba. Allah da ikonsa ƙurajen yaron suka baje, kamar yadda ƙurajen yara ke bajewa in zafi ya wuce. Shi ke nan, magana ta fita cewa Labbo ya tono laƙanin kakansa, duk jinjirin da ya aske da hannun da ya tsoma a ruwan ba ya ciwon kai. Na musa, na rantse, na ce wallahi ruwan randarsu ne. Amma kun san mu wanzamai an san mu da ɓoye asiri, saboda haka duk rantsuwar da na yi ƙara tabbatar musu take. Da na yi shiru ma suka ce ai ga shi ya amsa.

Abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Duk gidan da na shiga ruwan ɗumi na jirana ba sai na roƙa ba. In na daɗe hannu a ciki babu mai gaggauta ni, sai ma a ce yau aikin babba ne. In gajiya ta taso na jingina da bango na rufe ido, sai a kori yara a ce Malam na ganawa da mutanen ɓoye. Ban taɓa samun hutu mai mutunci irin wannan ba.

Labari ya kai Shinkafi. Sai ga Ɗanjuma a ƙofar gidana da zakara a hammata.

"Kai maƙetaci," in ji shi, ko sallama bai gama ba. "Tare munka sha dukan kawu, kai kaɗai zaka cin gadon? Mi kaka karantawa cikin ruwan ga?"

Na ce, "Bawa ba ya gadon ubangidansa. Ajiye zakaran dai."

Ya ajiye, muka ci, ban gaya masa komai ba. Ya koma gida ya ce shi ma zai gwada nasa. A wani suna ya sa aka kawo masa ruwa, kuma don ya nuna nasa laƙanin ya fi nawa ƙarfi ya ce a kawo mai zafi sosai. Ya tsoma hannu a gaban mata, ya yi ƙara ya yi tsalle ya kifar da kwanon a kan ungozoma. Ya yi kwanaki yana cin tuwo da cokali, yana aiko mini da zagi ta bakin direbobi.

Suna ya jawo aiki, aiki kuma ya jawo abin da likita ya hana. Gidajen da ban taɓa shiga ba suka fara aikowa, har daga Gurbin Bore. Mutumin da ya ga sana'arsa na mutuwa sannan ta farfaɗo, cewa a'a na yi masa wuya. Tumba takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, jikin ga ba na haya ba na." In ce mata na ji, in saɓa zabira.

Sai aka aiko daga Zurmi cewa matar ƙaramin ɗan Alhaji Isiya ta sauka, namiji, suna ranar Juma'a. Ranar Alhamis, wadda doka ta ce in kwanta in huta, na tashi jikina wasai kamar an canza mini sabo. Na miƙe yatsu suka miƙe. Na ce to, bari in leƙa kasuwar Shinkafi in gaisa da mutane in dawo. Na je gaisuwar da zabira. Kafin in zauna an gane ni, layi ya kafu, wannan aski, wannan ƙaho, wannan so yake kawai in taɓa kan ɗansa. Na aske, na zuƙa, na tsuguna don ban zo da kujerata ba, ban kishingiɗa ba, ban ci abin kirki ba, maganin ma yana gida. Kafin in ɗaga kai rana ta yi sanyi, kuma ba a bin hanyar nan da yamma. Dole na kwana gidan Ɗanjuma.

Da asuba na ji kiran salla na ce in tashi, jikin ya ce bai san zancen ba. Ɗanjuma ya shigo ya same ni zaune a bakin gado, wando a gwiwa, ina kallon mazagi kamar wani baƙon abu. Yatsun sun kumbura sun lanƙwashe.

"Tashi, ragon banza, liman ba ya jiran wanzami," ya ce. Sai idonsa ya sauka a hannuna. Ya tsuguna ya ɗaga shi ya juya. "Labbo, mine na wanga?"

"Laƙanin da kaka nema na," na ce. "Ga shi nan, ɗauki."

Na gaya masa komai. Ya buɗe baki zai yi dariyar ruwan zafin da ya ƙone shi a banza, dariyar ta fito rabi ta tsaya. Ya ɗaure mini mazagi, ya zuba mini ruwan alwala. Ya ce in aika Zurmi a ce ba ni da lafiya. Na ce in na aika haka, gidan ya tafi. In rana ta ɗaga hannun zai saki, kullum yana saki. Ya tayar da babur ɗinsa ya ɗauke ni, na jingina a bayansa da zabira a tsakaninmu, yana mita tun daga Shinkafi har Zurmi cewa ya zama ɗan acaɓan mai ƙaryar asiri.

Mun isa an riga an raɗa suna, an yanka rago, maza na watsewa da goro a aljihu. Aka shigar da mu cikin gida, Ɗanjuma a matsayin mai riƙe mini zabira, abin da ya ƙona masa rai ƙwarai. A tsakar gida na ga abin da ya kusa sa ni komawa. Ba kwano suka tanada ba, babbar roba ce ta wanki cike da ruwan ɗumi, a gefenta kwalabe da gorunan roba a jere, kowace mace da nata. Hajiya Kulu ta jawo kujerarta ta zauna inda ta saba.

Na tsoma hannu na rufe ido. Ruwan ya huce, aka ƙaro mai ɗumi. Ya sake hucewa, aka sake ƙarowa. Mata na raɗa cewa lalle yaron nan babban mutum zai zama, dubi yadda aikinsa ya daɗe. Ni kuwa ina matsa yatsu a ƙarƙashin ruwa, suna zuwa rabi su tsaya. Kuma ba yatsun kaɗai ba, damtsen gaba ɗaya ya mutu, kaina na yi mini nauyi, ina jin in aka bar ni zan yi barci a cikin robar.

Na fitar da hannu na goge. Ɗanjuma ya sa sabuwar reza a ƙota ya miƙo mini, bai kalle ni ba. Na karɓa. Na juya kamar mai duba kaifi, na gwada a gashin hannuna. Askar ta zame ta karce ni, jini ya tsattsafo, na rufe da hannun riga. Ungozoma ta zauna a gabana ta kwance zanin, ga kan yaron baƙi wuluk da gashi, maɗigarsa na bugawa. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni ya rufe.

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba a sana'ar nan. Zan iya ɗora askar, wataƙila in gama lafiya, gida ya zauna a hannuna. Wataƙila kuma yaron ya motsa. Na ajiye ta a kan tabarma.

"Hajiya," na ce, "hannun ga ba shi aski yau. Ciwo gare ni, amosanin gaɓɓai, ya daɗe. Jiya na yi mashi aikin da ya hi ƙarhinai."

Hajiya Kulu ta dubi hannuna, ta dubi robar.

"To ruwan fa?"

"Ruwa na, Hajiya. Na randarku. Yatsu nika gasawa su saki."

Wata ta ce innalillahi. Wata ta ɓoye kwalbarta a bayan zani. Amma na ga wata tsohuwa a gefe ta miƙa hannu a hankali ta cika gorarta duk da haka, ta toshe, ta tura a ƙarƙashin kujera.

"Wanga da ka zo da shi," in ji Hajiya, "ya iya, ko ɗaukar jaka kawai ya sani?"

Na ce, "Hannu guda ya koya muna. Bakinai dai ya hi hannunai sauri, amma ya iya."

Ɗanjuma ya wanke hannu, ya canza reza, ya tsuguna. Na matsa gefe na ba shi wurin da kakana ya zauna. Ya ja fatar da yatsu biyu, ya bi kan nan a hankali, ya kewaye maɗiga kamar yadda Baba ya koya mana. Yaron ko uhum bai ce ba. Da ya gama Hajiya ta karɓi jikanta ta juya kansa a rana, ta duba bayan kunne, ta duba ƙeya. Ko ƙwarzane babu.

Ta sa aka kawo kason wanzami aka ajiye a gaban Ɗanjuma, don wanda ya yi aski shi ke ɗauka, haka al'ada take. Sannan ta juyo gare ni.

"Labbo, Allah shi ba ka lahiya. Da ka ɗora askar ga bisa kan jikana da hannun ga, da ban yahe maka ba har in mutu. Ka kyauta." Ta juya ga Ɗanjuma. "Kai kuma, akwai wata haihuwa gidan ga bayan kaka. In an aiko, ka zo da wuri."

Gidan ya tafi ke nan, a cikin magana biyu, kuma ban ga laifinta ba. Labari ya riga ni isa ko'ina, tun ranar ban sake aske jinjiri ba. Yanzu tsofaffi abokaina nake askewa a ƙofar gida in hantsi ya yi, a kan kujerata, in na gaji in ce su jira, su kuwa ba inda za su. Ina shan magani, ina kishingiɗa bayan azahar, ranar da na tashi garau kuma Tumba ɓoye zabirar take yi.

Amma a ranar, da muka fito daga gidan Alhaji, Ɗanjuma ya ɗaure naman a gaban babur, na hau baya, muka kama hanyar Kaura. Na shirya wa zagi. Ga bawa ya ƙwace gidan ubangidansa a gaban mata, abin da zai yi shekara yana ba da labari a kasuwa. Muka fita gari bai ce komai ba. Muka wuce gonaki bai ce komai ba. Tunda aka kawo shi gidanmu yana yaro ban taɓa jin bakin nan ya yi shiru haka ba, kuma shirun ya fi rasa gidan yi mini ciwo.

"Kai bawa," na ce, "ba ka magana?"

Ya ci gaba da tuƙi, idonsa na kan hanya.

"Ɗanjuma, don Allah ka zage ni mana."

Ya ƙara tafiya kaɗan. Sannan ya share ido da hannun riga, ya ce da wata irin murya, "Riƙe ni da kyau, tsohon banza, kak ka hwaɗi in sha wahalar kwasar ka."

Na ce, "Hannun ba shi riƙo. Kuma barci nika ji."

Ya tsaya a gefen hanya, ya kwance rawaninsa, ya zagayo da shi ta bayana ya ɗaure a ƙirjinsa tamau. Haka muka shigo Kaura, tsoho goye da tsoho, kaina a kafaɗarsa, yana zagina tun daga nan har ƙofar gida, ni kuma ina cewa ƙara.